Batir Ya Tsufa, Waya Ta Yi Nauyi: Shin Kamfani Na Da Hurumin Rage Mata Gudu?

Duk wanda ya riƙe wayar salula shekara biyu ko uku ya san wannan ƙorafin. Wayar da a da ana taɓa ta take buɗewa, yanzu sai an jira ta. A danna WhatsApp, ta tsaya kamar mai tunani. Caji yana kashi 30, kwatsam ta ɗauke. A tsakaninmu matasa, amsar da aka saba bayarwa ita ce, "Ai kamfani ne yake kashe ta da gangan don a sayi sabuwa." An daɗe ana kallon wannan magana a matsayin zancen teburin mai shayi. Sai ga shi a watan Disamba na 2017, kamfanin Apple mai ƙera wayar iPhone ya fito ya amsa cewa tabbas yana rage wa wasu tsofaffin wayoyinsa gudu. Amma ya ce dalilinsa daban yake da wanda ake zarginsa da shi. A cewarsa, batir ne ya tsufa, kuma ya rage gudun ne domin kada wayar ta riƙa mutuwa a hannun mai ita.

Wannan amsa ta jawo wa kamfanin shari'o'i da tara ta miliyoyin daloli. Ta kuma bar wata tambaya da ta shafi kowa, har da ku ƙannenmu da kuke aron wayar yaya ko ta mama don duba darasi: idan batir ya tsufa, ya dace kamfani ya shiga wayar da mutum ya saya da kuɗinsa ya rage mata ƙarfi?

Yadda asiri ya tonu

Matsalar ta fara fitowa fili ne a 2016, lokacin da masu iPhone 6 da 6s suka riƙa kokawa cewa wayoyinsu suna mutuwa alhali da sauran caji. A watan Nuwamba na shekarar, Apple ya ce zai canza batir kyauta ga wasu 'yan tsirarun iPhone 6s da aka ƙera a watannin Satumba da Oktoba na 2015. Ƙorafin bai tsaya ba.

A watan Janairu na 2017 kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja mai suna iOS 10.2.1. Mutane suka sauke ta kamar yadda suka saba sauke kowace. Bayan wata guda kamfanin ya yi shelar cewa mutuwar ba-zata ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a iPhone 6s, da fiye da kashi 70 a iPhone 6. Abin da bai fito ya faɗa wa jama'a ba shi ne hanyar da ya bi ya samu wannan nasara.

Cikin waɗanda suka fara gano hanyar akwai wani ɗalibin sakandare mai shekara 17 a jihar Tennessee ta Amurka. Wayarsa iPhone 6s ta yi nauyi. Ya auna gudunta da manhajar gwaji, ya canza mata batir, ya sake aunawa, sai ya ga gudun ya dawo kamar na sabuwa. Ya bayyana abin da ya gani a intanet. Daga nan John Poole, wanda ya kafa kamfanin da ke da manhajar gwajin waya ta Geekbench, ya tattara sakamakon ɗimbin wayoyi ya kwatanta. Ya gano cewa kafin iOS 10.2.1 kusan duk iPhone 6s gudunsu ɗaya ne, amma bayan ta sai aka samu rukuni-rukuni na wayoyin da gudunsu ya faɗi ƙasa, tamkar an ɗaure su a wasu matakai da gangan. Ya wallafa bincikensa ranar 18 ga Disamba, 2017. Bayan kwana biyu Apple ya amsa. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, haka ma ramin ɓoye gaskiya.

Ku lura da yadda aka gano abin: aunawa, canza abu ɗaya tak, sake aunawa. Wannan shi ne gwajin da ake koya muku a ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.

Me ke faruwa a cikin batir?

Kusan duk wayoyin zamani suna aiki ne da batirin sinadarin litiyam. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sayar da irinsa a 1991, kuma a 2019 aka bai wa masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta ilimin sinadarai saboda aikin da suka yi a kansa.

A cikin batirin akwai ɓangarori biyu. Idan aka sa caji, ƙwayoyin litiyam suna ƙaura daga ɓangare ɗaya zuwa ɗayan su taru. Idan ana amfani da waya, sai su komo, kuma komowar tasu ce ke ba da wutar da waya ke aiki da ita. Kowane zuwa da dawowa yana barin ɗan tabo. Wani siririn ɓawo yana taruwa a jikin ɓangaren da ke karɓar caji, yana cinye wasu ƙwayoyin, yana kuma toshe wa sauran hanya. Sakamakon haka abu biyu ne. Na farko, yawan cajin da batir ke iya riƙewa yana raguwa. Apple da kansa ya ce an tsara batirin waɗancan wayoyi ne ya riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan caji cikakke sau 500. Mai cinye cajin wayarsa kullum zai kai wannan adadi kafin shekara ɗaya da rabi.

Na biyu shi ne wanda ya haddasa rigimar. Turjiyar da ke cikin batirin tana ƙaruwa, wato wuta tana shan wahala kafin ta fito. 'Yan ajin kimiyya za su tuna dokar Ohm: ƙarfin wutar da ke salwanta a cikin batir daidai yake da yawan wutar da ake ja idan aka ninka shi da turjiyar batirin. Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce batir yana ba da bolt 3.7, kuma waya ta ja amfiya 3 a lokaci guda. Idan turjiyarsa om 0.1 ce, bolt 0.3 ne zai salwanta, 3.4 ya isa ga waya. Idan batirin ya tsufa turjiyar ta kai om 0.3, bolt 0.9 ne zai salwanta, 2.8 kawai ya isa. Idan wayar ba ta iya aiki da ƙasa da bolt 3, sai ta kashe kanta don kare kayan cikinta, ko da kuwa allon yana nuna saura caji kashi 40.

Wanda ya taɓa zama da ƙaramin janareta ya san wannan. Yana ɗauke da ƙwan fitila da fanka lafiya lau, amma da zarar an jona dutsen guga sai ya yi gurnani ya mutu, alhali tankinsa cike yake da mai. A waya, babban mai jan wuta shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi mata lissafi. Lokacin da aka buɗe kyamara ko wasa mai nauyi, yakan zaburo ya nemi wuta mai yawa a cikin ƙiftawar ido. Abin da manhajar Apple ta yi shi ne hana furosesan wannan zabura idan ta lura batir ya tsufa, ko caji ya yi ƙasa, ko ana tsananin sanyi. Aikin da zai yi a tashi ɗaya sai ya rarraba shi. Waya ta daina mutuwa, amma manhajoji suka riƙa jinkirin buɗewa, hasken allo ya ragu, ƙarar lasifika ta yi ƙasa, a wasu lokutan ma fitilar kyamara ta daina aiki.

Hujjar masu goyon baya

Injiniyoyi da dama sun ce abin da Apple ya yi dabara ce mai ma'ana, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Wayar da ke jan ƙafa ta fi wadda ke mutuwa a tsakiyar kira. Ku ɗauka mutum yana kiran a kawo mota za a kai mara lafiya asibiti, ko yana tura kuɗi ta banki, ko ɗalibi yana cike fom ɗin jarrabawa, waya ta ɗauke. Jinkirin daƙiƙa biyu bai kai wannan ciwo ba. Da babu gara ba daɗi.

Sun kuma ce dabarar tana tsawaita rayuwar waya. Wayar da ke mutuwa sau biyar a yini, jefar da ita za a yi. Wadda ta ɗan yi nauyi kuwa za a iya lallaɓa ta wata shekarar. Bugu da ƙari, rage gudu ba sabon abu ba ne a na'urori. Kowace waya da kwamfuta tana rage wa furosesanta gudu idan ta yi zafi, don kada ya ƙone.

Akwai kuma batun haɗari. Batirin litiyam idan ya samu matsala yana iya kumbura, yana iya kamawa da wuta. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa baki ɗaya saboda batiranta suna kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgin sama da ita. Wancan lahani ne na ƙira, amma ya nuna cewa batir ba abin wasa ba ne, kuma akwai lokacin da dole kamfani ya sa baki.

Hujjar masu adawa

Masu adawa suna cewa duk wannan bayani da kyau, amma me ya hana a yi shi tun farko? Kusan shekara guda mutane suna fama da waya mai nauyi ba su san batir ne sila ba. A lokacin, canza batir a wajen Apple dala 79 ne. Sabuwar iPhone 8 kuwa dala 699, iPhone X dala 999. Wanda bai san cewa dala 79 za ta warkar da wayarsa ba, zai iya zuwa ya kashe dala 699 a kan sabuwa. Kuma aljihun da kuɗin zai shiga shi ne na kamfanin da ya yi shiru. Ko da niyyarsa mai kyau ce, shirun ya amfane shi, ya cutar da mai saye.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan hujja. Ranar 28 ga Disamba, 2017, Apple ya nemi afuwa, ya rage kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa dala 29 har ƙarshen 2018. Mutane suka yi tururuwa. A watan Janairu na 2019, shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari wasiƙa yana bayyana dalilan da suka sa cinikin iPhone ya ragu, kuma cikin dalilan ya ambaci cewa wasu masu saye sun ci moriyar rangwamen canza batir. Wato da mutane suka san gaskiya, da yawa sun zaɓi gyara a kan sayen sabuwa.

Wasu kuma suka ɗora laifin a kan ƙirar wayar tun asali. Suna cewa an sa furosesa mai ƙarfi a kan ƙaramin batir don waya ta fito siririya ta burge ido, sannan aka manne batirin da gam yadda mai waya ba zai iya cire shi da kansa ba. Iyayenmu sun riƙe wayoyin Nokia da ake ɓalle murfin baya a sa sabon batir cikin minti ɗaya. Idan kamfani ya ƙera wayar da batirinta ba zai iya ɗaukar ta bayan shekara biyu ba, a ganinsu rage gudu rufa-rufa ce kawai.

Abin da hukumomi suka yanke

A watan Oktoba na 2018, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar Apple yuro miliyan 10, ta kuma ci tarar Samsung yuro miliyan 5, kan tura wa tsofaffin wayoyi manhajar da ta rage musu inganci ba tare da cikakken bayani ba. A watan Fabrairu na 2020, hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci Apple tarar yuro miliyan 25. Abin lura shi ne Faransa tana da doka tun 2015 da ta haramta ƙera kaya da nufin su lalace da wuri, amma tarar da aka ci ta ginu ne a kan rashin sanar da masu waya.

A Amurka, kamfanin ya amince a watan Maris na 2020 zai biya har dala miliyan 500 don sasanta ƙarar da masu waya suka shigar a dunƙule. A watan Nuwamba na shekarar ya sake amincewa da biyan dala miliyan 113 ga jihohi fiye da 30. A duka biyun bai amsa cewa ya karya doka ba. Waɗanda suka cike takardar neman diyya sun fara karɓar kusan dala 92 kowannensu a watan Janairu na 2024.

Kafin duk wannan, a watan Maris na 2018, Apple ya fitar da iOS 11.3, wadda ta zo da wani sashe da ke nuna lafiyar batir. Da zuwanta, mai iPhone ya samu damar ganin kashi nawa ya rage na ƙarfin batirinsa, waya ta riƙa sanar da shi idan an rage mata gudu, aka kuma ba shi damar kashe tsarin idan ya yarda zai jure mutuwar ba-zata. Kamfanin bai daina rage gudu ba. Abin da ya sauya shi ne mai waya ya sani, kuma yana da ta cewa.

Sauran kamfanoni sun ɗauki darasi. A watan Janairu na 2025, Google ya tura wa wayarsa Pixel 4a manhajar da ta rage yawan cajin da wasu batiranta ke ɗauka. Ya sanar kafin ya tura, ya kuma ba waɗanda abin ya shafa zaɓi tsakanin canjin batir kyauta, ko kuɗi, ko rangwame a kan sabuwar waya. Duk da haka mutane sun yi ƙorafi, domin ba a ba su damar ƙin karɓar manhajar ba. Ita kuwa Tarayyar Turai ta tunkari tushen matsalar. Daga watan Yuni na 2025, sabbin wayoyin da za a sayar a ƙasashenta dole batirinsu ya riƙe aƙalla kashi 80 cikin 100 bayan caji sau 800, kuma dole kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyara har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin.

Ina ruwanmu a nan gida?

Ruwanmu ya fi na Bature yawa. Mafi yawan iPhone da ake saye a kasuwanni irin su Farm Centre a Kano na hannu ne, an riga an more su a Turai ko Amurka kafin su iso. Wato batirin da ya fara gajiya a can shi ne muke farawa da shi a nan. Diyyar da aka raba a Amurka kuwa ta masu waya na can ce.

Ga kuma zafi. Apple ya ce wayarsa ta fi jin daɗin yanayi tsakanin digiri 16 zuwa 22 a ma'aunin salshiyos, kuma zafin da ya haura digiri 35 yana iya lalata ƙarfin batir har abada. A Sakkwato da Maiduguri da Kano, zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Ƙara da yadda muke caji: a shagon mai caji inda wayoyi ke jibge kan juna, a kan janareta mai wuta sama da ƙasa, da cajar da ba a san asalinta ba. Batir a wajenmu ya fi saurin tsufa, don haka duk shawarar da kamfani ya yanke kan tsohon batir, mu take fara samu.

Matsayarmu

A ganinmu, kamfani yana iya rage wa waya gudu idan batirinta ya gaza, amma bisa sharuɗɗa uku. Na ɗaya, ya faɗa wa mai waya a fili, a kan allon wayar, da kalmomin da kowa zai fahimta. Na biyu, ya bar masa zaɓi, sai fa idan akwai haɗarin gobara, wanda a nan kare rai ya wuce komai, kuma nauyin canza batirin ya hau kan kamfanin. Na uku, ya sauƙaƙa canjin batir, a samu na asali a farashin da talaka zai iya, a kuma bar masu gyara na unguwa su yi aikin.

Wannan ƙa'ida sananniya ce a kasuwanninmu. Ko a kara, wanda ya sayar da akuya ya ɓoye aibinta, ana dawo masa da ita, kuma sunansa ya ɓaci. A darasin addini ma an koya mana cewa ɓoye aibin haja algus ne. Bambancin waya da akuya shi ne, kamfani yana iya sa hannu a cikin waya ta intanet shekaru bayan an biya kuɗinta. Wanda ke da irin wannan iko a kan kayan wani, wajibinsa na faɗin gaskiya ya fi na kowane ɗan kasuwa.

Kafin dokoki irin na Turai su iso mu, akwai abin da kowa zai iya yi. Idan za a saya muku iPhone ta hannu, ku shiga saitin waya, sashen batir, ku duba wurin da aka rubuta Battery Health. Idan ya kusa kashi 80 ko ya yi ƙasa da haka, a sa kuɗin sabon batir a lissafin ciniki. Kada a bar waya a rana ko a cikin mota a rufe, kada a sa ta ƙarƙashin matashi tana caji, kuma a guji buga wasa mai nauyi alhali tana jone. Idan bayanta ya fara ɗagowa ko allon ya turo, batir ya kumbura ke nan, a daina cajin ta nan take a kai wa mai gyara. Idan kuma wayar gida ta yi nauyi har ana maganar sayen wata, ku ba da shawara a fara auna batirin. Sau da yawa kuɗin batir ɗaya ya isa ya ƙara wa waya shekara ɗaya ko biyu, ragowar kuɗin ya tafi wajen littattafai ko rajistar jarrabawa.